Wanda Ya Haɗa Wutar Gidan Nasiba

A Hillat Bawa, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin babbar tur'a, wato magudanar ruwan ban gonaki, tsakanin Hasahisa da Kamlin, gidan Nasiba ne ya fara ɗora allunan sola a kan rufi. Ba don burga ta yi ba. Mijinta, Malam Sharfuddeen, ya shekara tara yana fama da ciwon suga, allurarsa kuma ba ta zama sai a cikin sanyi, saboda haka talajarsu, wato firiji, ba ta hutawa. Ga fanka, ga injin jawo ruwa. Mitar wuta, wadda mutanen wajen ke kira jamra don tana cin kuɗi kamar garwashi, kullum bakinta a buɗe. Abin da hawashar Malam, gonarsa ta ban ruwa, ke bayarwa na auduga da dawa kuwa sai ja da baya yake yi.

Ƙaninta Alamin ne ya kawo shawarar. Shi ne autansu, a bayanta ya girma bayan rasuwar mahaifiyarsu, yanzu kuma ya kai shekara arba'in, yana da rumfar gyaran wuta a kasuwar Hasahisa. Ta sayar da awarwaron zinarenta, ya zo da alluna huɗu da batura biyu a bayan wata tsohuwar mota. Yini guda ya yi a kan rufin yana walda da ɗaure-ɗaure, maƙwabta sun taru a gindin dalbejiya suna kallo. Wata tsohuwa ta ce Nasiba ta saya wa tsuntsaye madubi. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Da la'asar ya sauko, ya ce, "Yaya, je ki kashe jamra." Ta kashe. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Shekara biyu suka yi cikin wannan sauƙi.

Sai yaƙin da suke ji a rediyo ya sauko daga Hartum ya shigo Jazira. A cikin mako guda Madani ta faɗi, Hasahisa ta faɗi, wutar gwamnati ta ɗauke ba ta sake dawowa ba. Aka fasa rumfar Alamin aka kwashe komai. Ya sa matarsa da 'ya'yansa a mota zuwa wajen danginta a Gadarif, shi kuma ya taho Hillat Bawa da jakar kayan aikinsa, ya ce ba zai bar Yaya ita kaɗai da marar lafiya ba.

Cikin ƙauyen gaba ɗaya gidan Nasiba kaɗai ke da wuta. Tun da safe mata ke shigowa da wayoyi a ƙulle a bakin mayafi, a jera su a kan tabarma kamar ana shanyar kuɓewa. Wasu tsofaffi biyu masu irin ciwon Malam suka kawo nasu alluran aka ajiye. Ba ta taɓa korar kowa ba. Amma duk wanda ya shigo ya fita, sai ta bi shi da kallo, don ta san babu sauran wanda bai san abin da ke kan rufinta ba. Da tsakar rana, idan ta dawo daga tur'a, tun daga nesa take hango allunan suna walƙiya a saman gidajen laka. Abin da ta hango, ai mai tafiya a kan hanyar mota ma ya hango.

Hadizatu ungozoma ce ta zo da labarin. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su. An kira ta karɓar haihuwa a wani ƙauye da ke gaba da gada, ta kwana biyu, ta dawo a ƙafa, takalmi ɗaya a hannu. Ba ta ko yi sallama ba, ta zauna a bakin angarib, gadon igiya, tana haki.

"Nasiba, ku sauke abin nan yau."

"Lafiya? Mi ya faru?"

"Masu bindigar nan gida-gida suke bi. Mota, babur, zinari, sola. Solar nan suka fi so, da ita suke kunna na'urorinsu. Wani mutum ya ce musu ba ya da ita, suka hau suka gani. A gaban matarsa..." Ta girgiza kai. "Ku sauke dai."

Malam Sharfuddeen yana kwance a inuwar rakuba, rumfar kara ta tsakar gida, yana jin su. Ya ce a sauke, a kai su tur'a a jefa idan ta kama, rai ya fi allo. Nasiba ta juya ta dube shi. Ƙafafunsa sun kumbura, kwalaben allurar da suka rage guda biyar ne, ba kuma inda za a samo wasu.

"Malam, in an sauke, talaja fa?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, amma zafin wanga wata kwana nawa allura za ta yi a cikinsa?"

Alamin, da ke tsugune yana sauraro, ya ce akwai dabara. Allo ba ya buƙatar rufi, rana yake buƙata. Washegari da sassafe shi da Nasiba suka kwance su ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo mata tana karɓa. Suka kai su bayan gida, cikin garken awaki, inda katanga ta fi tsawo. Ya kwantar da su a ƙasa a kan tubala, ya haƙa siririn rami ya binne wayar har zuwa ɗaki. Baturan ya sa su a cikin tsohon rumbun laka ya rufe da buhuna. Aka jingina zana biyu da tarin karan dawa a gefe, yadda mutum ɗaya zai iya jawo su ya rufe komai kafin a ƙirga goma. Nasiba ta gaya wa mata cewa sola ta lalace. Wasu sun yarda. Wasu suka dube ta kawai suka ɗauki wayoyinsu.

Daga ranar kunnenta ya koma kan hanya. Tana tuƙa tuwon asida tana saurare. Tana salla tana saurare, har ta riƙa mance raka'a nawa ta yi. Ƙarar injin niƙa, kukan jaki, iska ta kaɗa ƙyauren langa-langa, kowanne sai ya sa ta ruga garke ta ja zana. Wata rana sau shida ta rufe ta buɗe. Awakin ma sun saba, da sun gan ta a guje sai su matsa gefe.

Kwana goma sha tara aka yi haka.

Ranar da suka zo Talata ce, ana gab da azahar. Ba ta ji mota ba sai da ta ji karnuka. Ta jefar da muciya, ta ruga, ta ja zana, ta watsa kara a kai, ta dawo ɗaki ta zare wayar talaja ta tura ta ƙarƙashin tabarma. Alamin ya cusa jakar kayan aikinsa cikin buhun dawa, ya ɗauki fartanya ya zauna kusa da Malam kamar wanda ya dawo daga gona. Suna jin ana dukan ƙofar gidan Hadizatu, suna jin muryarta tana rantsuwa da Larabci. Sannan aka buga tasu da ƙafa.

Su huɗu ne. Uku sun naɗe fuska da rawani, bindigogi a rataye. Na huɗun, wanda da gani shi ne babbansu, fuskarsa a buɗe take, dogo ne siriri, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Ya yi sallama. Wannan sallamar ta fi tsorata Nasiba fiye da dukan ƙofar.

"Hajja, an ce kuna da sola."

Malam ne ya amsa daga kwance, ya ce da akwai, amma ta lalace an sayar tun kafin yaƙi ya iso. Mutumin ya ɗaga kai ya dubi rufin, inda ƙarafan da aka ɗora allunan suke tsaye babu komai a kansu. Ya gyaɗa kai. Ya ce wa yaransa su duba.

Suka shiga ɗakuna. Tana jin ana zazzage akwatuna, ana farke katifa, kwanonin da ta jera tun na aurenta suna zubowa ƙasa. Ɗaya ya leƙa garke, warin awaki ya kore shi, ya dawo yana tofar da yawu. Sai babban ya taka da kansa ya shiga ɗakin tsakiya. Ta bi shi da ido ta ƙofa. Ya tsaya gaban talaja, ya buɗe, ya sa hannu ciki. Ya daɗe bai cire ba.

Ya fito riƙe da kwalbar allura ɗaya, raɓa na tsattsafowa a jikinta. Ya ɗora ta a kumatunsa.

"Wata biyu babu wuta a ƙasar nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan sanyin daga ina?"

Ya bi bango da ido har ya ga inda ƙasa ta canza launi, ya sa ƙafa ya tona, waya ta fito. Suka bi ta kamar masu bin sawun ɓarawo, har garke. Nasiba ta ji ƙarar zana ana yaye ta, ta ji ɗayansu ya yi dariya.

Ta ɗauka iyakar abin ke nan, za su kwashe su tafi. Har ta fara gode wa Allah a zuci. Amma da yaran suka kama fizgar wayoyi, sai babban ya daka musu tsawa ya ce kada wanda ya taɓa. Ya tsuguna yana duba yadda aka haɗa, yadda aka naɗe kowace mahaɗa, yadda aka bi da wayar cikin bututu kafin a binne. Ya dawo tsakar gida yana karkaɗe hannu.

"Mun ɗauko irin wannan sau uku. Duk yaran nan sun ƙone su, ba su san ja daga baƙi ba. Wannan aikin gwani ne. Ƙasar ramin ma ba ta gama zaunawa ba. Wa ya haɗa?"

"Wani mutumin Madani ne," in ji Malam. "Ya gudu."

"Ya gudu, ya dawo ya binne muku waya, ya sake gudu?"

Ya yi wa ɗaya daga cikin yaran alama. Yaron ya matso ya ɗora bakin bindiga a kan kumburarriyar ƙafar Malam, ya danna har Malam ya ciji leɓe. Babban ya juyo wajen Nasiba.

"Hajja, ke nake tambaya. Wa ya haɗa?"

Ba ta buɗe baki ba. Har ta koma ga Allah za ta iya rantsuwa ba ta ce komai ba. Amma idonta ya tafi da kansa. Ƙiftawa ɗaya ce, ta dubi inda Alamin yake zaune da fartanya, irin duban da take yi masa tun yana yaro idan abu ya fi ƙarfinta, ta kawar da kai nan take. Mutumin ya gani.

Alamin ya ajiye fartanyar ya miƙe. "Ni ne. Ku ɗaga masa bindiga, ba shi da lafiya."

Suka sa shi ya kwance komai da hannunsa, a tsanake, ya fito da baturan daga rumbu, ya zaro jakarsa daga buhun dawa. Shi ya ɗauki allunan ya kai mota, ya sa katifar da suka farke a tsakaninsu don kada su fashe. Nasiba ta bi su har ƙofa, ta durƙusa ta kama gefen rigar babban, tana roƙo da Larabci tana komawa Hausa ba ta sani ba. Ta ce su ɗauki talajar, su ɗauki awakin, su bar mata shi. Mutumin ya zare rigarsa a hankali, ya miƙa mata kwalbar allurar da ke hannunsa.

"Aiki zai yi mana, Hajja. In ya yi da kyau zai dawo."

Alamin yana bayan mota tsakanin bindigogi biyu. Ya ce, "Yaya, ki sa alluran a ƙaramin tulu, ki binne cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kada yashin ya bushe." Motar ta tashi.

Ta yi yadda ya ce. Hadizatu ta shigo ta taya ta haƙa rami a gindin randa, suka zuba yashin tur'a, suka sa tulun da alluran Malam da na tsofaffin nan biyu. Sau biyar a yini take jiƙa shi. Wannan ne kaɗai aikin da hannunta ke iya yi daidai. Abinci ya ƙone mata sau biyu, ta zuba gishiri a shayi. Idan ta rufe ido sai ta ga kanta tana juya kai wajen Alamin, ta yi ta ƙoƙarin tsayar da wuyan, ya ƙi.

A rana ta uku ta gaya wa Malam. "Ni na nuna shi."

"Ba ki ce komai ba, ina wurin."

"Na dube shi."

Malam ya daɗe yana jan casbi. Ya ce da ba ta duba ba, da sun harbe ƙafar, sannan su sake tambaya. Ta san gaskiya ya faɗa, amma maganar ba ta shige ta ba.

Labarai suka yi ta zuwa, kowanne ya fi na baya muni. Wani mai amalanke ya ce ya ga an tara mutane a tsohuwar ma'aikatar gurzar auduga. Wani ya ce waɗanda aka ɗauka aiki ba a sakinsu, gaba ake yi da su. Aka ce an ga gawa biyu a tur'a wajen gada. Da ta ji wannan, Nasiba ta yafa tobinta, dogon mayafinta, ta kama hanya ba ta gaya wa kowa ba. Tafiyar sa'a guda ce a bakin ruwa, cikin gonakin da ba a nome ba. Ta tarar mutanen wajen sun riga sun fito da su sun rufe da ganye. Ta tsaya daga nesa, sai wani dattijo ya tambaye ta wa take nema. Ta kwatanta. Ya je ya ɗaga ganyen ya duba, ya dawo ya ce duka biyun samari ne ƙanana. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta ji kunyar abin da ta faɗa, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata.

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, tana jiƙa yashi ta ji an turo ƙofa. Alamin ne, ba takalmi, ba jaka, rigar da ya tafi da ita ta koma launin ƙasa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. A bayan hannunsa na hagu akwai ƙuna da ta fara ruwa. Ta tashi za ta rungume shi, ya ɗaga hannu ya ce ta ba shi ruwa tukuna. Ya sha kwano biyu, ya zauna ya jingina da bango.

Bai ba da labari mai tsawo ba. Ya ce gidaje uku ya haɗa musu, da wani wuri da suke ajiye mutane. Da ya ambaci wurin sai ya dubi ƙasa, Malam ya ce ya isa, ba sai ya faɗa ba.

"Ba sakina suka yi ba, Yaya. Aro suka ba ni. Sun riƙe jakata, sun ce duk ranar da wani abu ya lalace, ko suka samo sababbi, sun san gidan." "Batir ɗaya da na haɗa musu ya kusa mutuwa. Ba zai wuce mako ba. Za su ce ni na cuce su."

Nasiba ta dubi Malam, ta dubi ɗakunan da ta shekara talatin tana shafe da hannunta. 'Yarsu Samah tana aure a Sinja, ta sha aiko musu su taho, Malam yana cewa ba ya barin hawashar ubansa. Wannan karon sai ya tambaya ko mai amalanken nan yana nan.

Ba su yi sallama da kowa ba sai Hadizatu. Ta karɓi awakin da makullin gida, ta karɓi alluran tsofaffin, ta wanke ƙunar Alamin ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Washegari bayan sallar asuba suka ɗora Malam a amalanken jaki. Nasiba ta zauna kusa da shi, ta rungume bokiti cike da jiƙaƙƙen yashi, tulun na ciki, ta lulluɓe da gefen tobinta. Suka bi hanyar cikin gonaki, wadda za ta fitar da su inda ake ce ana samun manyan motoci masu zuwa kudu.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da suka iso wani shinge da ba su san da shi ba: ganga biyu da igiya, da mutum uku a inuwar bishiya. Ba waɗancan ba ne, amma irin shigarsu ce. Mai amalanke ya ja linzami. Ɗaya ya taso yana jan bindiga a ƙasa, ya leƙa bokitin, Nasiba ta buɗe masa tulun ta ce maganin tsoho ne. Ya taɓe baki. Ya zagaya wajen Alamin, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai mene ne aikinka?"

Nasiba ta kafa idonta a kan kunnen jakin. Ta ƙudura ko sama za ta faɗo ba za ta juya ba.

"Manomi ne," in ji Alamin.

"Hannun fa?"

"Murhu."

Mutumin ya ɗan tsaya. Daga inuwa wani ya kira shi, shayi ya yi. Ya saki igiyar ta faɗi ƙasa, jakin ya taka ta ya wuce. Sun yi nisa, shingen ya ɓace a bayan gonar rake. Can Malam ya ce yashin ya fara bushewa a sama. Alamin ya karɓi buta ya sauka, ya gangara wata ƙaramar tur'a ya ɗebo, ya dawo da gudu don mai amalanken ya ce ba zai tsaya ba.